Diffa: Yadda ake sarrafa kwamfutar gidan kallo daga nesa da haɗarin da ke biye da hakan

Da zarar an idar da sallar isha'i a ranar da manyan ƙungiyoyin ƙwallon Turai ke karawa, ba sai an yi wa baƙo kwatancen gidan kallo a garin Diffa ba. Ƙarar janareta da ihun matasa za su kai shi. Galibi rumfa ce ta kwano ko ta zana, da bencina a jere, da talabijin ɗaya ko biyu a rataye, sai allo a bakin ƙofa wanda aka rubuta wasannin ranar a kansa. Mai gidan ko yaronsa na tsaye yana karɓar 'yan daloli daga hannun masu shiga.

Ƙwallo ta tauraron ɗan'adam take zuwa, ta cikin dekoda. Amma wasa minti 90 ne, kuma ba kullum ake yi ba. Sauran sa'o'in fina-finai ne ke cike su: na Kannywood, da na Indiya da aka yi wa fassarar Hausa, da masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So. Waɗannan a filash ko a cikin kwamfuta ake ajiye su, kuma a inda kwamfuta ce ke haskawa, a nan wata 'yar matsala take da duk mai sana'ar ya santa.

Kwamfutar tana can gaba, kusa da talabijin, saboda wayar HDMI da ta haɗa su gajera ce. Mai karɓar kuɗi kuma yana baya, a bakin ƙofa. Idan fim ya ƙare, ko ya maƙale, ko aka nemi a ƙara murya, dole ya ratsa bencina ya je gaba. Kafin ya dawo wasu sun shige ba su biya ba. Idan kuma ya bar kwamfutar a hannun 'yan kallo, kowa da abin da yake so a saka, wani ma ya soka filash ɗinsa ya kwashi fina-finan kyauta, ya bar wa na'urar cuta.

Akwai hanyar da mutum zai zauna da laftof a bakin ƙofa, ko a gidansa, ko ma a wani gari, ya riƙa juya kwamfutar da ke haska fim kamar yana gabanta. Fasahar ta haura shekara 25 a duniya, kuma yawancin manhajojinta kyauta ne. A Diffa tana da amfanin da ya fi na sauran wurare, haka ma haɗarinta.

Jihar da tafiya ta yi tsada

Garin Diffa na da nisan sama da kilomita 1,300 daga Yamai, a gaɓar kogin Komadugu Yobe wanda ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa tafkin Chadi a kusa da Bosso. Kwarin kogin ya shahara da noman tattasai, tafkin kuma da bandar kifi, kuma kuɗin waɗannan biyun ne suka daɗe suna juya kasuwannin jihar.

A ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. An saka dokar hana fitar dare, an haramta hawa babur, an dakatar da cinikin tattasai da na kifi bisa zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. Daga baya an sassauta wasu matakan, amma haramcin babur ya shafe shekaru, ya kuma raba 'yan kabu-kabu masu yawa da abincinsu. Sama da mutum 200,000, 'yan gudun hijira daga Najeriya da 'yan ƙasa da suka bar garuruwansu, sun tare a sansanin Sayam Forage da gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da kuma unguwannin Diffa.

Gidajen kallo na daga cikin sana'o'in da wannan yanayi ya fi taɓawa, domin kasuwarsu ta dare ce, kuma taron jama'a ce. A maƙwabtan jihohin Najeriya an sha kai musu hari. A watan Yunin 2014 bam ya tashi a wani wurin kallon gasar cin kofin duniya a Damaturu, babban birnin jihar Yobe. A watan Yunin 2019 kuma 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe kimanin mutum 30 a wajen kallon ƙwallo a Konduga ta jihar Borno. Tun daga lokacin, mai gidan kallo mai hankali ba ya son ya ɗauke idonsa daga ƙofa, ko da na minti biyu ne.

A irin wannan wuri, duk tafiyar da za a iya kauce mata riba ce. Mutumin da ke da rumfa a Diffa da wata a Maine-Soroa, mai nisan kimanin kilomita 70, ba zai so ya shiga mota ya bi shingayen bincike don kawai wata manhaja ta ƙi buɗewa ba.

Daga talabijin ɗin makaranta zuwa laftof

Kallo a taro ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun a 1964 ƙasar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin da tallafin Faransa, kuma tana cikin ƙasashen farko da suka gwada kunna talabijin da hasken rana a makarantun karkara. Bayan an buɗe Télé Sahel a ƙarshen shekarun 1970, a zamanin Seyni Kountché, an riƙa ajiye talabijin na jama'a a garuruwa, inda unguwa guda ke taruwa a gaban akwati ɗaya. A arewacin Najeriya kuwa majigi ne ya riga, motar da ke yawo da fim gari-gari tun zamanin Turawa. Har yau sunan bai ɓace ba, shi ake kiran na'urar haska hoto a bango da shi.

Kaset ɗin bidiyo ya zo ya wuce, faifan CD ma haka. Yanzu fim ya koma fayil, ana tura shi daga laftof zuwa waya ko katin memori a shagunan 'yan turi da ke kowace kasuwa. Wannan ne ya sa tsohuwar kwamfuta ta samu sabon aiki. Laftof ɗin da allonsa ya fashe, wanda ba zai yi kuɗi a kasuwa ba, yana iya zama injin gidan kallo idan aka jona shi da talabijin. A Turai da Amurka irin wannan kwamfuta a falo ake ajiye ta don kallon iyali. A nan ta neman abinci ce.

Hanyoyi biyu na riƙe linzami

Masu harkar kwamfuta sun kasa aikin gida biyu. Hanya ta farko ita ce a kawo fuskar waccan kwamfuta gaba ɗaya kan laftof, mutum ya ga duk abin da ke kanta, ya motsa maus, ya yi rubutu. Ta biyu ita ce a aika umarni kawai: kunna, tsaya, wuce gaba, ƙara murya.

A rukuni na farko, VNC ce uwa. An ƙirƙiro ta a wani ɗakin bincike na kamfanin Olivetti a Kambirij ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990, kuma daga cikinta aka samu manhajoji irin su TightVNC da UltraVNC. Bayanta TeamViewer ta fito daga Jamus a 2005, AnyDesk ma daga Jamus a 2014. Google na da tasa, Chrome Remote Desktop, sannan akwai RustDesk wadda kowa ke iya duba yadda aka gina ta. Dukkansu suna nuna wa mai laftof ainihin abin da 'yan kallo ke gani a talabijin.

Windows na da irin wannan hanya a cikinsa, wato Remote Desktop, kuma da yawa ita suke fara gwadawa saboda ba sai an sauko da komai ba. Sai dai ba ta dace da gidan kallo ba. Da zarar an shiga daga laftof, Windows na kulle allon waccan kwamfutar, sai fim ya ɓace daga talabijin, jama'a su koma kallon shafin neman kalmar sirri. Ƙari a kan haka, nau'in Windows na Home, wanda ke kan kwamfutoci da yawa, ba ya karɓar baƙo ta wannan hanya.

Rukuni na biyu ya fi sauƙi, kuma shi ya fi dacewa da aikin yau da kullum. Manhajar Kodi, wadda aka fara ginawa don na'urar wasa ta Xbox da sunan XBMC kafin a sauya mata suna a 2014, an yi ta ne musamman don talabijin. Tana jera fina-finai da manyan hotuna da rubutu wanda na bencin baya zai iya karantawa. A cikin saitunanta akwai wurin da ake ba da izinin sarrafa ta daga wata na'ura, a saka suna da kalmar sirri. Daga nan sai mai laftof ya buɗe burauza, ya rubuta adireshin kwamfutar da lambar ƙofarta, misali 192.168.1.20:8080, jerin fina-finan ya bayyana a gabansa. Abin da ya danna shi zai fito a talabijin, ba tare da 'yan kallo sun ga kibiyar maus na yawo a kan fuskar jarumi ba. Mai wayar Android ma na iya yin haka da manhajar Kore.

VLC, wadda ɗalibai suka fara a makarantar École Centrale ta Paris kuma kusan babu shagon turin da ba ta, ita ma tana da irin wannan shafi, sai dai a rufe yake zuwa, sai an kunna shi an saka masa kalmar sirri. Ita da Kodi lambar ƙofa ɗaya suke amfani da ita tun asali, wato 8080, don haka idan za a kunna su tare sai an sauya wa ɗaya lamba.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Duk waɗannan kwamfuta suke juyawa, ba dekoda ba. Wanda ke son sauya tasha daga wasan Real Madrid zuwa na Arsenal, ko zuwa kokowar gargajiya a Télé Sahel, har yanzu sai ya ɗauki rimot.

A cikin rumfa ba a buƙatar data

Abin da ke hana mutane da yawa gwada wannan hanya shi ne zaton cewa za ta cinye musu data. Idan laftof da kwamfutar kallon suna wuri ɗaya, intanet ba ya cikin lissafi. Abin da ake buƙata kawai shi ne su hau Wi-Fi ɗaya. Ƙaramar rauta, ko babu layi a cikinta, tana haɗa na'urorin da ke kusa da ita su yi magana da juna. Wayoyi da dama ma na iya yin wannan aiki idan aka kunna hotsfot. Saƙon ba ya fita daga rumfar, saboda haka ko rezo ya ɗauke a gari gaba ɗaya, aikin na ci gaba.

Wi-Fi na kai 'yan gomomin mita, amma katangar ƙasa mai kauri da kwano na rage masa ƙarfi. Wanda gidansa ke jikin rumfar zai fi samun kwanciyar hankali da wayar haɗin kwamfuta, wadda ke kai mita 100 ba tare da matsala ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne na adireshi. Rauta ce ke raba wa na'urori lambobi, kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, tana iya bai wa kwamfutar wata lamba dabam. Sai mutum ya rubuta adireshin jiya ya ga babu amsa, ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Maganinsa shi ne a shiga saitunan rautar a keɓe wa kwamfutar kallon lamba ɗaya da ba ta sauyawa.

Idan tsakani ya kai gari da gari

Labarin na sauyawa idan mai laftof yana Diffa, kwamfutar kuma tana N'Guigmi ko Chetimari. A nan dole kowane ɓangare ya kasance da intanet, daga Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms, ko kuma Starlink da ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025.

Kamfanonin waya kan tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya na intanet, haka ma Starlink ke yi wa ƙananan masu rajista. Ma'anarsa ita ce ba za a iya ƙwanƙwasa wa kwamfutar ƙofa kai tsaye daga waje ba, don haka dabarar burauza da 8080 ba ta aiki daga wani gari. Abin da AnyDesk da TeamViewer da ire-irensu ke yi shi ne, kowace kwamfuta ta kira cibiyar kamfanin, cibiyar ta sada su. Kowace na'ura na samun lamba tata. Idan aka saita kalmar sirri ta dindindin, ana iya shiga ko babu kowa a wajen da zai danna amincewa.

A nan data na tafiya, kuma hoto mai motsi ne ke cinye ta. Buɗe jerin fayiloli ko gyara saiti ba ya cin komai sosai, amma barin fim na gudana a tagar laftof na sa'a guda daidai yake da kallonsa a intanet. Masu gyara kan rage ingancin hoton, su shiga su yi abin da ya kai su, su fita. Tura sabon fim ta wannan hanya ma asara ce a layin waya. Ya fi sauƙi a ba direban tasha filash.

Wani abin lura shi ne, kyautar TeamViewer da AnyDesk ta amfanin kai ce. Idan manhajar ta fahimci ana kasuwanci da ita, tana iya taƙaita lokacin haɗuwa ta nemi a sayi lasisi.

Wuta, zafi da ƙura

Kwamfutar da ba ta kunne ba a juya ta daga ko'ina. A Diffa, kamar sauran garuruwan Nijar, ɗaukewar wutar Nigelec ta fi tsanani a watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙauyukan kwarin Komadugu da dama kuwa da sola da janareta suka dogara.

Saboda haka tsarin da zai yi aiki shi ne wanda zai tashi da kansa. Yawancin kwamfutocin tebur na da wani saiti a cikin BIOS da ke sa su kunna kansu da zarar wuta ta dawo. Idan aka haɗa shi da shiga Windows ba tare da jiran kowa ba, aka kuma sa Kodi da manhajar sarrafawa su buɗe da kansu, to yaron rumfa janareta kawai zai tayar. Akwai kuma hanyar tayar da kwamfutar da ke barci ta hanyar aika mata saƙo daga laftof, amma ta fi aiki idan an haɗa ta da rauta da waya, kuma a cikin gida ɗaya.

Laftof ya fi kwamfutar tebur dacewa da wannan yanayi. Ba ya jan wuta da yawa, kuma idan batirinsa na da sauran rai, shi ne zai riƙe shi a 'yan mintocin da ake sauyawa daga Nigelec zuwa janareta. Abin da ake mantawa shi ne rautar ma na buƙatar nata batirin, in ba haka ba kwamfuta na kunne amma babu hanyar isa gare ta. Wasu kan zaɓi Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu wadda cajar volt 5 ke ɗauka, a saka mata LibreELEC, tsarin da ba ya yin komai sai tafiyar da Kodi. Ita ma idan zafinta ya kai wajen digiri 80 tana rage gudu da kanta, fim ya fara sarƙewa.

Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin rumfar kwano kuma ya ƙarasa sauran. Damina ma na da nata: Komadugu ya yi ambaliya mai tsanani a 2019 da 2022, ya shiga unguwanni da gonakin tattasai. Kayan lantarkin da aka ajiye a ƙasa su ne ke fara tafiya.

Ƙofar da aka buɗe wa kai

Duk hanyar da mai gida ya buɗe don ya shiga daga nesa, wani ma na iya bi ta nan. Wannan ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Na farko, kalmar sirri. Yawancin gidajen da ke da Wi-Fi kan bai wa abokan ciniki lambarsa, ko yaran unguwa su samo ta. Duk wanda ya hau wannan Wi-Fi, ya kuma san adireshin, zai iya buɗe shafin Kodi idan kalmar sirrin 1234 ce. Tsohon tsarin VNC haruffa 8 na farko kawai yake dubawa a kalmar sirri, kuma ba ya lulluɓe abin da ke wucewa tsakanin na'urorin biyu. Ya kamata Wi-Fi ɗin aiki ya zama dabam da na baƙi. Rautoci da yawa na da damar raba su.

Na biyu, tsufan Windows. Microsoft ya daina gyara Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a watan Oktoban 2025, alhali su ne a kan yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke kasuwa. A 2019 an gano wata ɓaraka a Remote Desktop, wadda aka laƙaba wa BlueKeep, mai bai wa ɓarawo damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Girmanta ya sa kamfanin ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daɗe da yin watsi da shi. Kwamfutar da ba a sabuntawa, zamanta ba tare da intanet ba ya fi mata alheri.

Na uku, damfara. 'Yan damfara kan kira mutum da sunan ma'aikatan banki ko na kamfanin waya, su ce ya sauko da AnyDesk ya karanto musu lambar da ta fito don su gyara masa matsala. Da ya amince, suna ganin duk abin da yake yi. Babban bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar a kan wannan salo tun a farkon 2019. A Nijar, inda hada-hadar kuɗi ta koma waya ta hanyar Airtel Money da manhajojin Nita da Amana, laftof ko wayar da ake sarrafa gidan kallo da ita sau da yawa ita ce ɗauke da asusun mai ita da WhatsApp ɗinsa. Su kansu kamfanonin manhajar ba su tsira ba: a watan Fabrairun 2024 AnyDesk ya sanar da cewa an kutsa cikin na'urorinsa, ya kuma buƙaci jama'a su sabunta manhajar.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kusa: mai gyaran da ya saita tsarin. Idan shi ya zaɓi kalmar sirri, to yana da mabuɗi har ranar da aka sauya ta. Haka yaron da aka sallama daga aiki.

Allo na jama'a, alhaki na mai rumfa

A jihar da ta shafe shekaru ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, abin da ya fito a talabijin a gaban mutum hamsin ba wasa ba ne. Idan wani ya kutsa ya saka bidiyon farfagandar 'yan bindiga, ko na batsa a rumfar da yara ke zaune, mai gidan za a fara tambaya, kuma bayanin cewa daga nesa aka yi ba zai yi saurin shiga kunnen jami'in tsaro ko iyayen unguwa ba.

Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, wadda ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, ta kuma tanadi hukunci kan yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi ta intanet, amma a watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta maido da shi. Dokar na kare mai rumfa daga mai kutse a rubuce, sai dai kafin a kai ga gano mai kutsen, rumfar na iya kasancewa a rufe.

Sai batun haƙƙin mallaka. Nuna fim ga jama'a don kuɗi na buƙatar izini, kuma hukumar BNDA ce ke kula da wannan a Nijar. Masu shirya fina-finan Kannywood sun daɗe suna kokawa kan yadda turi ya kashe kasuwar faifai, abin da ya tura da yawansu YouTube. Kodi ita kanta halastacciya ce, amma akwai ƙarin manhajoji da wasu ke liƙa mata don kallon tashoshin kuɗi a ɓagas. Baya ga saɓa doka, irin waɗannan ba a san wanda ya rubuta su ba, kuma hanya ce da cuta ke bi ta shiga kwamfuta.

Ba gidan kallo kaɗai ba

Dabarar ɗaya ce a duk inda allo yake gaba, mai aiki kuma yana wani wuri. Malami a Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, na iya juya kwamfutar da ke jone da majigi daga inda yake tsaye a tsakiyar ɗalibai. Ma'aikacin asibiti na iya sauya bidiyon faɗakarwa a ɗakin jira ba tare da ya bar teburinsa ba. Ƙungiyoyin agaji da ke da ofisoshi a garuruwan da ba a zuwa sai da rakiya na iya gyara kwamfutocinsu daga Diffa ko Yamai. Magidanci ma na iya tsayar da fim a ɗakin yara idan lokacin karatu ya yi.

Ga matasan da suka koyi gyaran waya da kwamfuta, wannan wata 'yar kasuwa ce. Saita rauta, keɓe adireshi da kulle ƙofofi aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya, kuma wanda aka yarda da shi zai iya kula da rumfuna da dama daga shagonsa. Jarin sana'ar amana ce, tunda duk wanda ya ba shi aiki ya miƙa masa mabuɗin na'urarsa.

Shawarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara daga cikin rumfa: Kodi ko VLC, rauta marar layi, kalmar sirri mai tsawo wadda shi kaɗai ya sani. Manhajar shiga daga wani gari kuma a kunna ta ranar da ake buƙata, a kashe idan an gama. Kwamfutar kallo ta tsaya a kallo, kada a shiga asusun kuɗi ko WhatsApp da ita.

Ko an yi duk wannan, akwai ayyukan da laftof ba zai yi ba. Ba zai zuba wa janareta mai ba, ba zai raba magoya bayan Barcelona da na Madrid idan gardama ta yi zafi ba, ba kuma zai gane baƙuwar fuska a bakin ƙofa ba. Abin da yake yi shi ne ya bar mai rumfa a ƙofar tasa, inda ya fi amfani, har a tashi kallo.